RA'AYINMU: Idan Bindiga Ta Ci Mai Ita, Wa Za A Tambaya?

Kwanakin baya, bayan mun kammala wani shirin rediyo a kan tsadar kaya, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gujiya ta tare mu a bakin tashar Gidan Rumji, ta ce tana da magana. Mun ɗauka kukan farashin gujiya za ta yi mana, kamar yadda sauran mata suka yi. Sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani guntun ƙarfe a tsage, kamar karan dawar da aka tsaga da wuƙa. Ta ce, “Ɗan nan, ka ga wannan? Adashena ne na wata takwas.”

Ashe bakin bindigar ɗanta ne. Ita ta haɗa masa kuɗin, saboda yana cikin samarin da ke kwana a waje suna gadin garken ƙauyensu, da rani kuma yakan samo zabin daji ya kawo gida. Harbi na huɗu bindigar ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsu biyu na hannun hagu, hannun da manomi ke riƙe ƙotar hauya da shi. Muka ce, “Inna, kun koma wurin wanda ya sayar muku?” Ta ce sun koma, ya ce shi ma saye ya yi, wanda ya ƙera ta yana can hayin iyaka, ko sunansa bai sani ba. Daga nan ya ce su yi haƙuri, ƙaddara ce. Kuɗin likita kuwa, daga jarin ƙuli-ƙulin suka fita.

Mun yarda da ƙaddara, kowane musulmi ya yarda da ita. Amma a cikinku ƴan kasuwa babu wanda zai yarda a sayar masa da buhun wake, ya buɗe ya tarar rabinsa ƙwari ne, sannan a ce masa ƙaddara ce. Babu matar da za ta sayi turmin atamfa, wanki ɗaya ya zuba, ta naɗe hannu ta zauna. Za ta koma rumfar, kuma idan mai rumfar yana son sunansa zai karɓa ko ya rage mata kuɗi. A kara, dillali ba ya cin la'ada a banza: idan saniya ta zama ta sata, ko aka tarar tana da ciwon da aka ɓoye, shi ake fara nema. Babur, injin markaɗe, rediyo, wayar salula, duk akwai wurin da mutum zai je ya ɗaga murya. A iya saninmu, kayan da ake sayarwa a wannan yanki babu dillali, babu takarda, babu shaida, babu mayarwa, ita ce bindiga, alhali ita kaɗai ce idan ta samu tangarɗa take cire hannu ko ido, ko ta ɗauki rai.

Wani zai ce ina ruwan ƴan kasuwa da bindigar maharba? Ruwansu ne ƙwarai. Duk wanda ke zaune a gundumar Gidan Rumji ko Madarumfa ya san abin da ya faru tun daga 2019, lokacin da dubun-dubatar ƴan gudun hijira suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun ɓarayin daji, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ɓarayin kuma ba su tsaya a kan iyaka ba, sun biyo da satar shanu da kama mutane don neman kuɗin fansa. Daga wannan lokaci bindigar da a da sai a gidan maharbi ake ganinta, ta shiga gidajen manoma da makiyaya da fatake. Hatta a Agye da Gazawa, inda abin bai kai haka ba, tsoro ya riga ya isa. A Zamfara ma, a watan Yunin 2022, gwamnatin jihar ta fito fili ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu. Inda buƙata ta yi yawa kuwa, ku kun fi mu sanin abin da ke biyo baya: jabu ya cika kasuwa, wanda bai iya ba ya shiga sana'a. Kuɗin sayen bindigogin nan kuma, sau da yawa daga adashen mata suke fitowa, ko daga ɗan tunkiyar da aka sayar. Idan ta fashe, mace ce ke jinya.

Ba muna cewa kowa ya tafi ya sayi bindiga ba. Doka tana nan: ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ta wajabta wa mai farauta ya mallaki takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Mu kanmu da so samu ne, da jami'an tsaro sun wadata har babu wanda zai buƙaci kwana da makami. To amma bindigogin suna nan, kowa ya sani, kuma rufe ido bai taɓa mayar wa kowa da yatsunsa ba.

Ya kamata iyayenmu mata su san abin da ke sa bindiga ta fashe, domin galibi ba sammu ba ne, ba kuma sa'a ce ta ƙare ba. Idan aka harba kartush mai lamba 12, irin wanda aka fi amfani da shi a nan, ƙarfin iskar da ke tasowa a cikin bututun yana iya kai wa kusan ninki 300 na iskar da ke cikin tayar mota, kuma cikin ƙiftawar ido yake tasowa. Ƙarfen da aka yi don bindiga an yi shi ne ya jure wannan. Amma bututun ruwan famfo, wanda wasu ke yankowa su yi bakin bindiga da shi, yana da ɗinkin walda tun daga sama har ƙasa, kuma ruwa aka yi shi ya ɗauka. Zai iya jure harbi ɗaya, ya jure goma, mai shi ya saki jiki yana yabon maƙeri, alhali kowane harbi yana ƙara buɗe ɗinkin. Ranar da zai tsage babu wata alama da zai nuna. Guntun ƙarfen da dattijuwar nan ta nuna mana, a miƙe ya tsage, daidai kan ɗinkin.

Akwai kuma kuskuren albarushi. Bindigar toka ta iyaye da kakanni, wadda ake ɗura wa ta baki, an yi ta ne don baƙin albarushi mai hayaƙi. Garin da ke cikin kartush na zamani wani abu ne dabam, ƙarfinsa ya ninka na wancan nesa ba kusa ba. Yaron da ya farke kartush ya zuba garinsa a bindigar toka don wai ta fi ƙara, nakiya ya haɗa ya kara a kumatunsa. Haka nan kartush ɗin ma ba tsawonsu ɗaya ba: akwai mai milimita 70, akwai mai 76, kuma dogon yakan shiga bindigar da aka yi don gajeren, ta rufu lafiya lau, sai an harba ɓarnar take fitowa. Mai sayar da kartush a ɓoye ba ya tambayar irin bindigarka, abin da ke aljihunsa yake miƙo maka.

Sauran abubuwan na sakaci ne, kuma maharban kirki sun san su. Bindigar da aka jingine a kusurwar ɗaki tun damina, zanzaro na iya gina ɗakinsa a cikin bakinta, ko laka ta toshe shi idan mutum ya yi tuntuɓe a fadama. Harbi a kan toshewa fashewa ne, ko da a Turai aka ƙera ta. Kartush ɗin da ya sha raɓa yakan yi jinkirin tashi, mutum ya danna kunama ya ji shiru, ya juyo bakin yana leƙawa ko ya buɗe ta da gaggawa, sai a lokacin ta tashi. Wanda ya san aiki yakan bar bakin a inda ya saita, ya jira kamar minti guda kafin ya taɓa komai.

Amma aibin da ya fi ba mu tsoro shi ne na kunama, domin shi ba mai bindiga kaɗai yake ci ba, har da na kusa da shi. A cikin kowace bindiga akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe da ke riƙe da abin da ke dukan harsashi, sai an danna kunama yake saki. Idan haƙorin nan ya cinye, ko tun farko an yi shi da ƙarfe mai laushi, ko datti da tsatsa suka shiga tsakani, bindiga na iya tashi da kanta: a kan babur idan an faɗa rami, a amalanke, ko a tsakar gida idan yaro ya ture ta ta faɗi. A nan ne mai ita zai yi ta rantsuwa cewa bai taɓa kunama ba, kowa kuma ya ɗauka ƙarya yake yi.

Kada a ɗauka wannan matsalar maƙeranmu ce kaɗai. A Amurka akwai kamfanin Remington, wanda asalinsa ya koma 1816, yana cikin tsofaffin masu ƙera bindiga a duniya. A 1948 ya fito da bindigar farauta mai sabuwar kunama, wadda injiniyansa Mike Walker ya ƙirƙiro, kuma irin wannan kunama aka saka wa shahararriyar bindigarsa mai lamba 700 da ta fito a 1962, aka sayar da miliyoyi. A cikin kunamar akwai wani ɗan ƙarfe da ba a manne yake ba, wanda masu ƙorafi suka ce idan datti ko busasshen mai ya shiga yakan goce daga mazauninsa, sai bindiga ta tashi da zarar an zare makullin tsaro, ba tare da an taɓa kunama ba. Takardun kamfanin da suka fito daga baya a kotu sun nuna cewa shi Walker da kansa ya kawo shawarar gyara tun a 1948, kuma an yi lissafin gyaran zai ci santi biyar da rabi a kan kowace bindiga, wato ɗan abin da ya haura kashi biyar cikin ɗari na dalar Amurka guda. Ba a yi ba.

Shekara da shekaru mutane suna rubuto wasiƙun koke, kamfanin yana ba su amsa iri ɗaya: ko ba ka tsabtace bindigar ba, ko wani ya taɓa kunamar, ko yatsanka ne ya danna ba ka sani ba. Wannan ita ce tasu “ƙaddara ce”. A 1994 wata kotu a Texas ta yanke wa kamfanin biyan dala miliyan 17 ga wani mutum da ya rasa ƙafa. A shekarar 2000, a jihar Montana, wata uwa tana ƙoƙarin fitar da harsashi daga irin wannan bindiga bayan sun dawo farauta, ta zare makullin tsaro, bindigar ta tashi, harsashin ya huda motar ɗaukar dawaki ya samu ɗanta mai shekara 9 da ke bayanta, ya rasu. Ita ta ce ba ta taɓa kunama ba. Uban yaron ya shafe shekaru yana tara takardu da koke-koken wasu, har gidan talabijin na CNBC ya yi babban shiri a kan batun a 2010. Sai a ƙarshen 2014 kamfanin ya amince zai sauya kunamar bindigogi kimanin miliyan bakwai da rabi kyauta, kotu ta tabbatar da yarjejeniyar a 2017. Duk da haka, don mu yi masa adalci, bai taɓa yarda cewa ƙirarsa na da aibi ba, har ƙarshe yana cewa bindigar lafiyarta lau idan an kula da ita. A lokacin da kotu ta sa hannu, mutum kimanin 22,000 kacal ne suka nemi sauyin. Kamfanin ya karye a 2018, ya sake karyewa a 2020, aka sayar da shi gunduwa-gunduwa.

Abin da muka ɗauka a wannan labari ba wai Turawa sun fi mu tausayi ba ne. Kamfanin da ya ƙi kashe santi biyar da rabi ba za a kira shi mai tausayi ba. Abin da ya sa daga ƙarshe aka kama shi, kowace bindiga tana ɗauke da sunansa da lambarta, kowane koke an rubuta shi an ajiye, saboda haka aka iya jera mutum ɗari da ba su san juna ba, aka nuna cewa abu ɗaya ne ya same su. A wurinmu, idan maƙeri ɗaya ya ƙera bindiga talatin da bututun famfo, goma suka fashe a ƙauyuka goma daga Gidan Sori zuwa Saye Sabuwa, kowane gida zai ɗauka shi kaɗai abin ya faɗa wa. Maƙerin kuma yana can yana ƙera ta talatin da ɗaya.

Bindigogin Turai da ke hannun tsofaffin maharbanmu ma, marayu ne. Simplex mai baki ɗaya, wadda kakanni suka sani tun zamanin Faransa, ƙirar kamfanin Manufrance ce ta birnin Saint-Étienne, kuma babbar masana'antar ta rufe tun 1985. Baikal ta Rasha daga birnin Izhevsk take fitowa, tana da ƙarko, amma ba mu taɓa ganin maharbin da ya iya mayar da tasa can ba, balle a aiko masa da sabon sifirin. Idan allurar da ke dukan kartush ta karye, ƙusa ake fiƙewa a saka. Idan sifirin ya mutu, na babur ake yankowa. Wani gyaran yana yi, wani kuwa shi ne ke mayar da lafiyayyar bindiga abar tsoro. Sai dai ko a tsufansu, idan ka juya bakin irin waɗannan bindigogi za ka ga wasu ƙananan tambura a jikin ƙarfen. Ba ado ba ne. A Faransa da Ingila da Beljiyam da Rasha, ba a fitar da bindiga kasuwa sai ta bi ta gidan gwaji, inda ake harba ta da harsashin da ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kimanin rubu'i, a bayan katanga, babu hannun kowa a kanta. Idan ta jure a buga mata tambari, idan ta fashe ta fashe a can. Gidan gwajin Birmingham tun 1813 yake wannan aiki. A nan kuwa gidan gwajinmu shi ne hannun ɗan mai ƙuli-ƙuli.

Ba maƙera muke zagi ba. Ƙira sana'a ce mai asali a ƙasar Gobir da Katsina, da sarautarta da ladabinta, kuma da hauya da galma da lauje da gatarin maƙeri muke ci. Maƙerin garinku idan ya yi maka galma ta karye a kunya ta farko, ka mayar masa, zai gyara ba tare da musu ba, domin gobe ma za ku haɗu a masallaci. To me ya sa wannan amana ba ta kai ga bindiga ba? Saboda ita a ɓoye ake yin ta. Wanda ya ƙera ba ya son a san shi, wanda ya sayar ba ya son shaida, wanda ya saya kuma idan ta fashe yana tsoron zuwa wurin jandarma, kada a bar maganar yatsu a koma tambayarsa takardar izini. Mun ji ana cewa wasu har likita suke ƙin zuwa da wuri saboda wannan tsoro, sai ciwo ya ruɓe. A irin wannan duhu, maƙerin kirki da ɗan damfara farashinsu ɗaya, ɗan damfara ma ya fi samun ciniki tunda kayansa sun fi araha.

Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da hukuma za ta kunna fitila a wannan sana'a. Ba sabon abu muke nema ba. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006 ta tanadi a ƙidaya masu ƙera makamai na gida, a yi musu rajista, a kuma buga wa kowane makami alama. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma hikimar wannan tanadi ba ta fita tare da mu ba, kuma a Mali da Burkina Faso, abokan tafiyarmu a ƙawancen AES, doka ta san da maƙeran bindigogin farauta tun da daɗewa. Muna da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, wadda aka kafa tun 1994, ita ce kuma ta ga ranar 25 ga Satumban 2000 da aka ƙona makamai a Agadas. Tattarawa da ƙonawa aiki ne mai kyau, amma rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne a san su wa ke ƙerawa, a zaɓi waɗanda suka iya, a ba su izini a kan bindigar farauta kaɗai, a wajabta musu buga tambarinsu da lamba, a hana su bututun famfo, a kuma samar da ko da wuri ɗaya a Maraɗi inda za a gwada bakin bindiga a bayan katanga kafin a miƙa wa mai ita.

Mun san abin da masu adawa da wannan ra'ayi za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: wai ba wa maƙeri izini tamkar buɗe wa ɓarayin daji kasuwa ne. To amma ɓarayin da ke addabar iyakarmu ba da bindigar toka suke zuwa ba, kowa ya ji ƙarar irin makaman yaƙin da suke ɗauke da su. Kuma bindigar da ke da lamba da sunan maƙeri da sunan mai saye a littafi, ita ce ɓarawo ba ya so, domin ana iya bin sawunta. Wadda ba ta da uba ita ce ke yi masa daɗi. Idan gwamnati ta ga hanya mafi kyau ita ce ta hana ƙirar baki ɗaya, to ta hana da gaske, ta kuma kawo jami'an da za su kwana a ƙauyukan. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne wannan tsaka-tsakin, inda a takarda an hana, a daji ana yi, asarar kuma ta faɗa kan talaka shi kaɗai.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai waɗanda ba sa buƙatar jiran wata doka daga Yamai. Fadar Sarkin Gobir da ke Tsibiri, da sarakunan kanto da masu gari, suna da Sarkin Maƙera da Sarkin Baka a ƙarƙashinsu, kuma waɗannan sun san wanda ya gaji ƙira da wanda ya shigo jiya da injin walda. Duk bindigar da ta fashe, a kai guntunta gaban mai gari, a rubuta rana da ƙauye da hannun da aka saye ta. Littafi ɗaya na ƴan lakkwal ya isa. Cikin shekara guda za a ga ko daga maƙera ɗaya ɓarnar ke fitowa. Muna kuma roƙon perefe da shugabannin jandarma su fito su faɗa da bakinsu, a rediyo, cewa wanda bindiga ta ji wa ciwo ya tafi likita kai tsaye, a fara ceton hannunsa kafin a zo maganar takarda.

Malamanmu su ma suna da abin faɗa a nan, domin shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Wanda ya san kayansa na da aibi wajibi ne ya bayyana, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Kowa ya san labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa, ya tarar na ƙasa a jiƙe, ya kuma tsawatar masa a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Idan an yi wannan tsawa a kan jiƙaƙƙen hatsi, ina ga bututun famfon da aka shafa wa baƙin fenti aka ce ƙarfen bindiga ne? Dokar ƙasa ma, mai lamba 2015-24 ta kare haƙƙin masu saye, ta san da haƙƙin mai saye na samun kaya marasa cutarwa da bayani na gaskiya. Muna so ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata, da suka saba magana a kan farashin shinkafa da wutar lantarki, su leƙo wannan ɓangare.

Ku kuma ƴan kasuwa, musamman Alhazan da ke ɗaukar masu gadi a shaguna da rumbunan ajiya, ko masu haɗa kuɗi a saya wa samarin unguwa abin tsaro: wanda ya ba yaro bindigar da bai san asalinta ba, yana da kaso a abin da ta yi masa. Ku bi hanyar izini, ko da tana da wahala. Ku kai ta wurin tsohon maharbi ya duba bakinta da kunamarta kafin yaro ya rataya. Ku yi cinikin a gaban shaidu biyu, kamar yadda kuke yi wa babur, kuma mai sayarwa ya faɗi da bakinsa wanda za a nema idan ta samu matsala. Wanda ya ce a'a, sai dai a yi a bayan gari da dare, ya riga ya gaya muku irin kayansa.

Iyayenmu mata, ku ne masu ɗakin da ake jingine ta. Kada ku yarda a shigo muku da ita da harsashi a ciki, ko da maigida ya ce an sa makulli. Uwar nan ta Montana makullin take zarewa. A ajiye kartush dabam, a wurin da raɓa ba ta kai wa, yara kuma ba sa kai wa. Idan kuma kuɗin adashenki ne za a saya da su, kina da ikon tambaya: wa ya ƙera, da wane ƙarfe, wa ya gwada, wa zai karɓa idan ta lalace? Ke da ba kya yarda a auna miki hatsi da tiyar da aka bubbuge gindinta, kada kunya ta hana ki waɗannan tambayoyi.

Dattijuwar nan ta ƙi ba mu guntun ƙarfen da muka roƙa don mu nuna wa hukuma. Ta ce sai ranar da aka kira ta gaban mai gari tare da wanda ya sayar musu, sannan za ta kwance shi daga bakin zanenta. Ranar Juma'a mai zuwa, ranar kasuwar Maraɗi, za mu buɗe layi a shirinmu don duk wanda irin wannan ta faɗa wa gidansa, ba za mu tambayi sunan kowa ba, ƙauye da shekara da irin bindigar kawai za mu rubuta, mu miƙa lissafin ga ofishin perefe da fadar Tsibiri.